Na je neman haƙori, aka ce sai an duba ƙashi

Talata, bayan isha'i.

Giɓi ɗaya ne ya kai ni asibitin haƙori yau, na turmin ƙasa na hagu da aka cire mini shekara biyu da suka wuce. So nake a dasa wani in koma tauna ta ko'ina. Sai ga likitoci uku a kaina.

Likitar dasashi ce ta fara. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, tana kiran lamba ana rubutawa. Biyu, uku, biyu. Da ta iso haƙoran gaba na ƙasa sai na ji shida, bakwai, na kuma ɗanɗani jini. Ta ce, "Malam, lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 3." Ashe jinin da nake gani a kan asuwaki kullum da asuba alama ce ta ciwon da ke zaizaye ƙashin da ya riƙe saiwar haƙora, ciwon suga kuma yana ƙara masa gudu. Ko sau ɗaya bai yi mini zafi ba, wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

A hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, likitan tiyata ya nuna mini ƙashin giɓin a kwamfuta, ya sirance kamar bakin wuƙa. Ya ce in an cire haƙori, ƙashin wurin kan iya rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekarar farko. A ƙarƙashi kuma ga jijiyar da ke sa leɓen ƙasa ya ji taɓi, dole a kauce mata. Sai an yi ƙarin ƙashi, a jira watanni ya kama.

Likitan da ke saka wa haƙora waya don daidaita su ya lura turmin baya ya kwanto cikin giɓin, sai an miƙar da shi. Amma ya ce ba zai motsa haƙori cikin kumburarren dasashi ba, don ƙashin zai ƙara cinyewa. Na ji daɗin yadda suka tsaya gabana suka daidaita: wankin ƙarƙashin dasashi da saita suga tukuna, a sake awo bayan mako takwas, sannan waya, dashe a ƙarshe.

Na dawo da ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora. Ɗazu na gwada shi, jini ya fito, na ci gaba a hankali kamar yadda likitar dasashi ta koya mini. Alhamis da safe zan koma, in Allah ya kai mu.