Agogon Dubai a bikin Mabera

Makon jiya aka aurar da ƙanwar abokina a Mabera, cikin Sakkwato, ni aka ɗora wa ɗaukar hoto. Na riƙe Nikon ɗina, yaron shagona kuma ya riƙe wata Canon da muka aro wurin wani Alhaji. Da dare na juye hotunan duka a kwamfuta, na jera su bisa lokaci, sai abin ya rikice. Nan ana ɗaurin aure a masallaci, hoto na gaba ana cin abincin walima, na gabansa kuma an sake komawa masallaci.

Na kira yaron. "Kai, mi kay yi ma kyamarag ga?"

"Wallahi maigida ban taɓa komi ba."

Gaskiyarsa. A Dubai Alhaji ya sayo ta, kuma tun lokacin babu wanda ya saita agogonta. Dubai ta riga mu da awa 3. Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: rana, lokaci, irin kyamara. Ita Canon agogon can take rubutawa.

Hoto kusan 900 ne, ga wuta babu tabbas. Gyaran ɗaya bayan ɗaya sai na kwana. ExifTool na buɗe, manhajar da Phil Harvey ya fitar a 2003, kyauta ce, ba ta da maɓallan latsawa, umarni kake rubuta mata. Na ware hotunan Canon a folda mai suna canon, na rubuta:

exiftool "-AllDates-=3" canon

Kafin shayina ya huce an rage awa 3 daga kowanne. Tana ajiye tsohon hoton da _original a ƙarshen sunansa, ko da ka yi kuskure. Ni ban goge su sai na miƙa aiki.

Saura suna. Nikon na cewa DSC_0001, Canon na cewa IMG_0001, babu wanda ke gaya maka komai. Sai na haɗe su a folda mai suna biki, na rubuta:

exiftool "-FileName<DateTimeOriginal" -d "%Y%m%d_%H%M%S%%-c.%%e" biki

Shekara, wata, rana, har daƙiƙa. Wancan %%-c ɗin kada ka raina shi: in hoto biyu suka faɗo daƙiƙa ɗaya, shi ke ƙara wa na biyun lamba. Mai tsoro ya fara sa TestName a madadin FileName, zai ga sabbin sunayen ba tare da an taɓa komai ba.

Hotunan da na ɗauka da waya a cikin gida kuwa, sai da na cire musu GPS, wato bayanin wurin da aka ɗauke su, da -gps:all= kafin su bar hannuna. Ban ga dalilin da gidan amarya zai bi hoto yawo ba.

Waɗanda suka gagare ni su ne na ƙawayen amarya. Ta WhatsApp suka turo, shi kuma yana share bayanan, ranar da ke cikin sunan kawai ta rage. Na ce su sake turowa a matsayin fayil. Mutum biyu suka turo, sauran har yau ina jira.