Godiya Bayan Bajekolin Aikin Hannu na 'Yan Aji Ɗaya da Aji Biyu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi lafiya an tashi lafiya. Mu malaman aji ɗaya da aji biyu a gajiye muke liƙis, amma barci ba zai yi mana daɗi ba in ba mu sauke wannan godiyar ba. Duk kun san yadda makonnin nan suka kasance, kun kuma san yadda ruwan sama ya jiƙa kwanukan takardar da yara suka yi aka shanya, ba sai an maimaita ba. Wanda ya shigo ya ga kwanuka da kifaye da tsuntsaye jere a kan tebur ba zai san hannu nawa suka bi kafin su isa nan ba, don haka bari mu faɗi wanda ya yi me.

Za mu fara da mahaifiyar nan ma'aikaciyar jinya, wadda yara ke kira Anti Nas. Ta roƙe mu kada mu ambace ta. Anti, ki yi haƙuri, yau dai ba za mu ji maganarki ba.

A teburin zura duwatsun ado a zare ne wata yarinya 'yar shekara shida ta cusa dutse ɗaya a hanci. Ba ta yi kuka ba, ba ta gaya wa kowa ba, sai ta yi shiru tana ta zura yatsa, alhali hakan ƙara tura shi ciki yake yi. Da aka ankara, nan da nan manya suka yi mata caa. Wannan ta ciro hantsaki daga jaka, wancan yana neman tsinken auduga, wata tana cewa a ɗura mata ruwa. Ganin taron sai yarinyar ta fashe da kuka. Anti ta ce kowa ya ja baya. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta riƙe mata hannu biyu don kada ta sake kai su fuska, ta ce ta buɗe baki ta riƙa numfashi ta nan. Ba ta yi komai ba sai da shessheƙar ta lafa, domin mai shessheƙa ciki yake jan iska, yana iya zuƙe dutsen. Sannan ta danne kafar hancin da ba komai a ciki da yatsa ɗaya, ta ce, "'Yata, fyace a hankali, kamar kina da mura." Na farko bai fito ba. A na biyu sai ga shi a cikin hankici, ɗan ja, ɗan mitsitsi. Uwar yarinyar ta sulale ta zauna a ƙasa, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, tana ta salati.

Anti ba ta tafi ba sai da ta tara mu ta yi mana bayani, kuma muna so kowane gida ya ji. Abu mai santsi da zagaye ba ya kamuwa da hantsaki, suɓucewa yake ya ƙara nutsewa, daga nan yana iya gangarawa hanyar numfashi. In an gwada fyacewa sau ɗaya sau biyu bai fito ba, a bar shi haka a tafi asibiti. In ɗan batirin agogo ne ko maganaɗisu, ba a ma tsaya gwaji, domin batiri yana ƙona nama cikin 'yan awoyi. Busasshen iri kuwa, irin wanda ake mannawa a kwali don ado, kumbura yake in ya sha ruwa, saboda haka ba a zuba masa ruwa ko a hanci ko a kunne. Ta kuma nuna mana abin da ya fi dutse haɗari a ajin, wato yagaggen balan-balan, wanda yake mannewa a maƙogwaro ya toshe shi. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin ledarsa game da yaran da ba su kai shekara 8 ba. Babba ne zai hura, babba ne zai fasa, ya kuma tsince gutsattsarin nan take. Duwatsu kuma a riƙa ƙirga wa kowane yaro goma a murfin kwalba, in ya zura ya nuna, sannan a ƙara masa. Anti, Allah ya tsare miki naki 'ya'yan, ya sanyaya miki zuciya ranar tsoro yadda kika sanyaya ta uwar nan, ya sa hannunki ya ci gaba da zama sanadin sauƙi. Amin summa amin.

Sai Baba mai gadi, wanda ya kwashe kwanukan takarda cikin dare ya jera su a baranda ba tare da an sa shi ba. Ba don shi ba da babu abin da za a ceto. Baba, Allah ya biya ka, ya ƙara maka lafiya.

Waɗanda suka yi funfuna dole aka zubar, don ba a ba yaro abu mai funfuna ya riƙe. Sabbin da kuka gani aikin Hajiya Kaka ne, kakar tagwayen aji biyu, da iyaye matan da ta tattaro. Ga yadda suka yi, don wanda zai gwada a gida: jarida ake mannawa da gam a jikin balan-balan da aka hura, in ta bushe ta zama kwano. Gam ɗin kofi ɗaya ne na fulawa ga kofi biyar na ruwa. A dama fulawar da kofi ɗaya na ruwan sanyi har gudaji su baje, a zuba cikin sauran kofi huɗun da suka tafasa, a yi ta juyawa minti biyu zuwa uku, a sa gishiri babban cokali biyu don rage saurin funfuna, a bar shi ya huce sarai kafin yara su taɓa. Ba ya kwana da yawa, in ya fara tsami a zubar a dama sabo. Jarida kuma yaga ta ake yi, ba a yanka ta da almakashi, domin yagaggen baki ya fi kwanciya ya haɗe da na kusa da shi. Faɗin kowane tsiri santimita 2 zuwa 3. In ta ƙi yaguwa a miƙe a juya ta ɗaya gefen, takarda tana da ɓangaren da take bi.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wurin tsomawa. Yaro yana son ya ɗebo gam da yawa, to sai an koya masa ya zare tsirin tsakanin yatsu biyu ya matse rarar kafin ya shimfiɗa a kan balan-balan. Hajiya Kaka ba ta yarda a wuce shimfiɗa biyu a zama ɗaya ba, ta farko a tsaye, ta biyu a kwance, sai a jira ta bushe. Ta ƙarshe da farar takarda ake yi don kada rubutun jarida ya leƙo ta cikin fenti. Yadda take gane bushewa kuwa, sai ta kara bayan hannunta, in ta ji sanyi to akwai sauran danshi a ciki ko da saman ya yi ƙarfi. Wanda ya shafa fenti a lokacin ya kulle danshin ke nan, bayan kwana kaɗan baƙaƙen ɗigo za su fito. Ba a kuma shanyawa a tsakiyar rana, domin iskar cikin balan-balan tana buɗewa da zafi ta tsaga takardar, in gari ya yi sanyi kuma ta motse ta bar kwanon a yamutse. Inuwa mai iska, ko gaban fanka. Hajiya, kin zauna da ciwon gwiwarki kina yagar jarida har hannunki ya yi baƙi. Allah ya ba ki lafiya, ya nuna miki girman jikokinki, ya jiƙan magabatanki.

Kifaye da taurarin da aka rataya na kwaɓin gishiri ne: fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, ruwa kusan kofi ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan, a murza kamar minti goma. Kauri kada ya wuce rabin santimita, kuma a huda ramin zare tun yana ɗanye. Maman Ƙarami ta aji ɗaya ce ta gasa su duka a oben ɗinta, wuta ƙasa-ƙasa wajen digiri 100, awa biyu zuwa uku tana juya su. In wuta ta yi yawa, ko fulawar mai haɗe da sinadarin tashi ce, kumbura suke su tsage. Mun gode, Allah ya sa albarka a gidanki.

Malam Tela, baban ɗaya daga cikin yaranmu, ya lura da abin da da yawa ba sa lura da shi. Kusan yaro ɗaya cikin goma bahago ne, kuma almakashin dama a hannun hagu tauna takarda yake, ga shi yana rufe wa yaron layin da zai bi. Ya kawo na bahagwai masu dakusasshen tsini, ya nuna a fara wa yara da takarda mai ɗan kauri, don marar kauri lanƙwashewa take, babban yatsa kuma a sama. Yaron da ake cewa ba ya iya yanka, sai ga shi ya fi kowa miƙe layi.

Ba za mu manta da Yaya Babba ba, ɗalibar zane da ta ba mu hutunta. Ita ta hana a ba kowane tebur fiye da launi biyu da farko, domin in ja da rawaya da shuɗi suka haɗu a kofi ɗaya, ruwan ƙasa kawai za a samu. Ta koya musu a fara da mai haske, a zuba rawaya sannan a ɗiga shuɗi kaɗan-kaɗan har kore ya fito. Ita ta ce a rubuta sunan yaro a bayan takarda kafin ya fara, a kuma ɗiga sabulun wanke-wanke a fentin don ya fi saurin fita daga riga. Abin da ya fi burge mu da ita shi ne ba ta taɓa karɓar buroshi daga hannun yaro ta gyara masa ba. Tsuntsu mai ƙafa huɗu da kuka gani, haka mai shi ya so shi, kuma in an tambaye shi zai faɗi dalili. Mu ma ra'ayinmu ke nan. Aikin da babba ya gyara ya fi kyau a ido, amma ya daina zama na yaron, shi ma ya san haka.

Inna mai shara, ke ce ƙarshen fita kullum. Ke kike tsame burusa daga kofi don kada gashinsu ya tanƙware, ki wanke ki kwantar da su, ki goge farin gam tun bai bushe ba. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Ga iyayen da suka aiko da kwali da jarida da murafun kwalba, da waɗanda suka bar sana'arsu suka zo, mun gode ƙwarai. Akwai kuma yaran da suka tsaya kusa da aikinsu har aka tashi, suna cewa kawu ya yi alkawari, gwaggo tana hanya. Mun san kowa da uzurinsa, ba ma zargin kowa. Sai dai minti goma da sun isa. In yaron ya kawo aikinsa gida, don Allah a zauna a tambaye shi yadda ya yi.

Allah ya raya mana yaran nan, ya shirya su, ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, ya sa hannayensu su zama masu amfani. Wanda muka ambata da wanda muka manta saboda gajiya, Allah ya san shi, ya saka masa da mafificin alheri. Wanda muka ɓata wa rai cikin hidima ya yafe mana.

Za a ba kowane yaro kayansa ranar bayar da sakamako. A zo da ƙaramin kwali, kada a sa a leda a ɗaure, danshi zai taru. Kayan kwaɓin gishiri suna jan danshi su yi laushi, don haka a shafa musu farin gam na kanti, ba na fulawa ba, da aka sirka da ruwa kaɗan, gaba da baya, sau biyu, a rataye su a busasshen wuri. A ɗaga su sama inda ƙanne masu rarrafe da dabbobin gida ba za su kai ba, domin gishirin da ke ciki ya isa ya cutar da wanda ya ci.

Wassalamu alaikum.