Hajiya da fom mai shafi goma sha biyu

Shekara uku na yi ina tantance takardun masu neman tallafi a wata gidauniya a nan Akra, irin tallafin da ake bai wa masu sana'ar da ke amfanar al'umma. Ni ɗan Nima ne, amma sai da na shekara guda kafin na lura cewa kusan babu ɗan zango a cikin waɗanda muke zaɓa.

Wata Hajiya ce a Mamobi ta buɗe min ido. A zauren gidanta take koya wa 'yan mata ɗinki, yawancinsu kayayei ne, wato mata 'yan dako, da suka gaji da dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie. Kekuna biyar gare ta, ɗaya ma an ɗaure fedarsa da waya. Ledar fiya wata da yara ke tsinto mata suke wankewa su ɗinka jakar makaranta. Na kai mata fom ɗinmu mai shafi goma sha biyu, duk da Turanci. Ta jujjuya shi ta ce, "Ɗana, ni makarantar allo na yi. Wannan na wa ne?"

Muna neman takardar rajistar kamfani, da asusun banki, da lissafin shekara biyu wanda odita ya sa wa hannu. Dokar kamfanoni ta 2019, wato Act 992, ta ce sai da daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da odita. Ina Hajiya ina kuɗin odita? Lissafinta na cikin wani littafi da ta rubuta da ajami, kuɗinta na yawo tsakanin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da adashi, kuma ko pesewa ɗaya ba ta ɓace mata. Da na karanta littafin nan, wallahi ya fi na wasu masu digiri tsafta.

Abin ya yi min ciwo, domin da hannuna na yi ta ajiye irinta a gefe. Iya Turanci da sanin hanyar ofis nake aunawa, ina zaton aiki nake aunawa. Gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango a 2017, amma kuɗin gidauniyoyi masu zaman kansu hanyarsa daban, kuma waɗanda suka san juna ne ke fara jin labarinsa.

Na yi ta naci a taro har aka yarda mu karɓi bayani ta saƙon murya a WhatsApp, da Hausa ko Dagbani ko Twi, mu kuma je mu gani da ido. Maganar biya wa mutane kuɗin rajista da sa 'yan zango a kwamitin zaɓe kuwa, har na bar wurin ba a amince ba.

Hajiya ta samu a zagaye na biyu. Keke uku ta ƙara, ta kuma gyara rufin zauren kafin ruwan watan Yuni.