Darasin RSS na yau

A kwas ɗin da muke yi ta intanet kan manhajojin sada zumunta na ma'aikatan laburare, yau RSS aka koya mana, wato hanyar da shafin intanet ke aiko wa masu bibiyarsa sababbin abubuwan da aka saka a kansa, kuma wani ɗan bayani ne ya tsaya mini a rai. Aikin kansa ba wuya. A Koha, manhajar da laburare ke ajiye bayanan littattafansa a ciki, ka yi bincike a kundin da masu karatu ke gani, ka jera sakamakon bisa ranar shigowar littafi, sabo a sama, sannan ka kwafi adireshin da ke jikin alamar RSS ɗin nan mai ruwan lemo ka saka a Feedly, manhajar karanta RSS, ko a shafin laburaren. Daga nan duk littafin da aka shigar zai bayyana da kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne filin 952$d na bayanan littafi a Koha, wato ranar da aka samu littafin. Idan aka loda tsofaffin bayanai da yawa a lokaci guda aka bar filin nan fayau, Koha sai ta sa musu ranar lodin. Nan take littattafan da suka shekara ashirin a kan kanta su cika jerin a matsayin sababbi, su danne na gaskiyan. Maganin shi ne a cike ranar a fayil ɗin MARC, wato fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan littattafan, kafin lodi. Ashe abin da mai karatu zai gani a wayarsa yana hannun mai kataloji ne, wanda galibi ba a gayyatarsa irin waɗannan kwasa-kwasan.