Nettles ko A-Rod? Gardamar da ta ƙi ƙarewa a gidanmu

Wannan musun, na wa ya fi tsaron bes na uku a tarihin ƙungiyarmu ta besbol New York Yankees, tun daren 30 ga Oktoba 2024 ya samo asali, daren da Dodgers suka zo har Yankee Stadium suka ɗauke World Series, babban kofin besbol na Amurka, a gabanmu. Muna gaba da ci 5 da nema fa, sai zagaye na biyar ya zo komai ya watse, Aaron Judge ya saki ƙwallon da ko yaro zai cafe, Anthony Volpe ya jefa wata zuwa bes na uku ta daki ƙasa Jazz Chisholm ya kasa riƙewa, aka tashi 7 da 6. Falo ya yi tsit, can sai Kawu ya gyara zama ya ce "da Nettles ne a wurin nan da ya tsince ta." Ƙanena kuwa da bakinsa baya shiru ya ce haba Kawu, wai har yanzu Nettles? Shikenan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi.

Ga wanda bai saba da besbol ba, bes na uku wuri ne da Amurkawa ke kira kusurwa mai zafi, ƙafa 90 ne tsakanin bes ɗin da inda mai bugu yake tsaye kuma galibin masu bugu da dama can suke jan ƙwallo da ƙarfin tsiya. Kafin ka ƙifta ido ta iso, ka tare, ka miƙe, ka cilla ta wajen ƙafa 127 zuwa bes na ɗaya kafin mai gudu ya taka. Aikin kenan.

Kawu tun shekarun 1970 yake Bronx, unguwar da filin Yankees yake a New York, tasi ya ja shekara da shekaru kuma a rediyon mota ya koyi wasan, shi a wurinsa Yankees basu taɓa yin mai tsaron bes na uku kamar Graig Nettles ba kuma ba za su yi ba. Nettles ya buga musu daga 1973 zuwa 1983, ya fi kowa hom ron, wato buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, a lig ɗin American League a 1976 da guda 32, ya karɓi Gold Glove, kyautar gwanin tsaro, a 1977 da 1978, shekaru biyun da suka ci kofi a jere duka a kan Dodgers ɗin nan, daga baya har kyaftin aka bashi. Amma Kawu ba lissafi yake kawowa ba, labarin wasa ɗaya yake bayarwa, wasa na uku na World Series 1978, kuma wallahi na ji shi ya fi sau hamsin. Dodgers sun ci biyun farko, Ron Guidry na Yankees da ya ci wasa 25 a kakar nan yana jifa amma ranar hannunsa ba daidai yake ba, sai cika bes ake yi da 'yan Dodgers, wato kowane bes da mai gudunsu a kai suna jiran su ci. Zagaye na biyar bes a cike Steve Garvey ya zabga wata ta gefen layi, Nettles ya tare ta da bayan safa ya juya ya cilla bes na biyu. Zagaye na shida bes a cike kuma, Davey Lopes ya buga, Nettles ya sake yi. Idan Kawu ya zo nan sai ya miƙe da carbinsa a hannu ya karkata kamar zai faɗi a kan kafet, matarsa na cewa Alhaji ka yi a hankali da ƙugun nan. Yankees suka ci 5 da 1, suka ci ukun da suka biyo baya.

Ƙanena shi kuma ɗan zamanin Alex Rodriguez ne, wanda ake kira A-Rod, riga mai lamba 13 har yau tana nan a durowarsa. Kuma gaskiya in dai lambobi za a bi babu ma gardama. Nettles hom ron 250 ya yi wa Yankees, A-Rod 351. Gwarzon ɗan wasan lig sau biyu yana sanye da rigar, 2005 da 2007, a 2007 ɗin hom ron 54 ya buga. Masu cewa baya taɓuka komai in Oktoba ta zo, watan wasannin neman kofi, to 2009 fa? Hom ron 6 a wasannin bayan kaka, kuma kofin da aka ci a kan Phillies a shekarar shi ne na ƙarshe da muka gani har yau. Ƙanena yakan ce Kawu kofin da idona ya gani A-Rod ne ya kawo min shi, naku a bidiyo mai hazo nake gani.

Sai Kawu ya jefo maganar ƙwaya, dama ita ce sandarsa. A 2009 A-Rod da bakinsa ya amsa ya sha abubuwan ƙara kuzari lokacin yana Texas daga 2001 zuwa 2003, sannan aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya kan badaƙalar Biogenesis, wani asibiti da ke bai wa 'yan wasa irin waɗannan abubuwan. Kawu ya ce ɗana, wanda ya ci jarabawa da satar amsa ba a rataye hotonsa a falo. Ƙanena ya ce ai zamanin kowa na yi. Kawu ya ce kowa ɗin aka kora shekara guda?

Wani abin dariya ma, yadda A-Rod ya zo wurin. Aaron Boone, kocin yanzu, shi ne a bes na uku, shi ya buga hom ron ɗin nan da ya kori Red Sox a 2003, sai ya je wasan kwando lokacin hutu ya ɓata gwiwa, Yankees suka ɗauko A-Rod daga Texas a Fabrairu 2004 suka bada Alfonso Soriano. Ni kuma in ana musun nan nakan jefa sunan Scott Brosius don in ɓata musu rai, mutumin da ba ya hayaniya amma shi ne gwarzon World Series 1998 kuma kofi uku ya ɗaga cikin shekara huɗu. Ba mai kula ni. Wade Boggs kuwa Kawu cewa yake ɗan Boston ne da ya zo Yankees ya hau dokin 'yan sanda yana murnar kofi a 1996, kar ma a kawo shi.

To ni dai ina bayan Kawu, amma ba don ƙwaya ba, don in aka buɗe wannan faifan ban san inda za a tsaya ba. Dalilina shi ne tambayar ita kanta. Ba a ce wa ya fi iya bugu ba, cewa aka yi wa ya fi a bes na uku. A-Rod shotstop ne tun tasowarsa, wato mai tsaron tsakanin bes na biyu da na uku, Gold Glove ɗinsa biyu a can ya same su yana Texas, ya koma bes na uku ne kawai don Derek Jeter ya riga shi zama kuma ba mai tada shi. Ya riƙe wurin ba laifi, amma zaman baƙo ya yi, a shekarunsa biyu na ƙarshe ma kusan bugu kaɗai yake yi baya fita tsaro. Nettles kuwa wurin gidansa ne. In ka ce min in zaɓi mai bugu ɗaya, A-Rod zan ɗauka ban ko waiwaya ba, amma bes a cike, saura mutum ɗaya a fitar, ƙwallo ta nufo layi kamar harsashi, wa kake so ya tsaya a can?

Da na faɗi haka ranar Lahadin da ta wuce na zaci Kawu zai ji daɗi, sai ya harare ni ya ce wato kai ma ka yarda ya fi Nettles bugu kenan? Ƙanena ya ce ni munafuki ne na raba ƙafa. Daga ƙarshe ya ɗauko waya ya nemo wasan 1978 a YouTube muka haɗa kai mu uku muna kallo, Nettles ya yi tsallen nan ya tare ta Lopes, ƙanena ya maida baya ya sake kallo har sau uku bai ce uffan ba, sannan ya ajiye wayar ya ce "Kawu, 'yan Dodgers ɗin ne basu da gudu."