Daga Qingdao zuwa Qinzhou: Kiwon Kifi Iri Uku a Gaɓar Tekun Sin

Na bi gaɓar tekun ƙasar Sin daga arewa zuwa kudu a jirgin ƙasa, ina sauka inda ake kiwon kifi a ruwan gishiri. Teku ɗaya ce, amma abin da ke bayan gaɓar, wato masana da jari da masana'antu, shi ke raba wani yanki da wani.

Qingdao, a lardin Shandong, gari ne na masu binciken teku: akwai jami'ar nazarin teku, akwai cibiyar bincike da aka kafa tun 1950. Masanan sun daɗe da sanin cewa ƙasan Rawayar Teku, wadda garin ke bakinta, na zama da sanyi ko da zafi ya tsananta a sama. Kifin salmon ba ya jure ɗumi, don haka a 2018 aka saka wani kejin ƙarfe mai suna Shenlan 1, mai cin ruwa kubik mita 50,000. In zafi ya shigo a nutsar da shi ƙasa, in sanyi ya dawo a ɗago shi. A 2022 kuma aka ƙaddamar da Guoxin 1, jirgin ruwa mai tsawon kusan mita 250 da tankunan kiwo 15 a cikinsa. Yana zuƙo ruwa daga zurfi, in guguwa ta taso ya bar wurin da kifinsa. Ƙaramin mai kiwo ba shi da kuɗin irin wannan. Aikin manyan kamfanoni ne da gwamnati.

A Ningde ta lardin Fujian na fi daɗewa, don a nan ne matsalar kiwon kifi a keji take a fili. Mashigin Sandu'ao cike yake da kejin dahuangyu, wani kifi mai ruwan ɗorawa, kuma yawancin kejin na iyalai ne. A da katako ake haɗawa a ɗora kan soson roba mai yawo. Soson ya farfashe ya ɓata ruwa, kejin sun yi cunkoso har ruwa ba ya gudana sosai. Ga ɗanyen ƙananan kifi da ake zuba musu a matsayin abinci: abin da ya rage ya nutse, ya ruɓe, ya cinye iskar da ke cikin ruwan. Da ruwa ya yi ɗumi sai cutar fararen ɗigo ta kama fata da gaɓoɓin numfashin kifin, ta bi keji keji. Tun 2018 hukuma ta sa aka rage kejin, aka koma roba mai ƙwari, aka faɗaɗa su aka ƙara musu zurfi. A ganina wannan gyaran ya fi na Qingdao taɓa rayuwar mutane, ko da yake ba ya ɗaukar ido a hoto.

Can kudu a Qinzhou ta Guangxi, kawa ake kiwo, wata halittar ruwa mai ɓawo mai tauri. Ana jera gutsattsarin siminti a igiya a rataya a mashigin Maowei, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, 'ya'yan kawar su manne, sannan a mayar da su kan gora mai yawo su girma. Aikin hannu ne kusan duka, kuma gishirin ruwa ke mulki: in rani ya yi tsawo kogi ya ja baya, gishiri ya yi yawa, kawa ta mutu. Babban jarin yankin yana wajen sufuri ne, musamman mashigin Pinglu, wata hanyar jiragen ruwa mai kilomita 134 da aka fara haƙawa a 2022, wanda aka tsara ya fito teku ta wannan yanki na masu kawa.