Abin da na koya a takardun mutanen da aka ƙwace wa gidaje a Amurka

Na daɗe ina aikin tafinta da taya mutane duba takardu a wata ƙungiya da ke ba da shawara kan harkar gidaje a Bronx, cikin birnin New York, kuma na shiga aikin ne daidai lokacin da abubuwa suka fara dagulewa, wajen 2007 zuwa 2008, lokacin da kullum in ka zo ofis da safe sai ka tarar da layi, kowa riƙe da wasiƙar banki an ce masa in bai biya ba za a ƙwace gida. Yawanci baƙaƙen fatar Amurka ne da masu jin Sifaniyanci, amma akwai namu a ciki, 'yan zango daga Kumasi da Accra, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, direbobin tasi, masu aikin kula da tsofaffi, da mata masu kitso da suka yi shekaru suna adashi kafin su haɗa kuɗin kafin alƙalami. Masu jin Hausa ni ake turo wa.

Tambayar da aka koya min in fara yi wa kowa ita ce nawa dillalin da ya samo maka bashin nan ya ci. Kuma wallahi amsar kusan iri ɗaya ce kullum. Wani dattijo ce min ya yi, "Haba ɗana, ai yaron nan ko sisi bai karɓa a hannuna ba, namu ne, tare muke sallar Juma'a, don Allah ya yi min." Na ce Baba bari dai mu duba takardar. Muka buɗe takardar lissafin ranar sa hannu, wadda a lokacin ake kira HUD-1, sai ga wani ɗan layi da ƙananan baƙaƙe, kusa da shi an rubuta POC, ma'ana kuɗin da aka biya a waje ba daga hannun mai saye ba, kuma dubban daloli ne banki ya tura wa yaron. Gaskiya ne bai karɓi komai a hannun Baba ba. A cikin ruwan bashin aka binne ladansa, Baba kuma shi zai yi ta biya duk wata.

Ga yadda abin yake. Banki yana aiko wa dillalai takardar farashi kullum, wadda mai neman bashi ba ya gani. A ce kai da irin albashinka da tarihin biyan bashinka ka cancanci ruwa kashi 6 cikin ɗari, to in dillali ya iya sa ka yarda da kashi 7, banki zai ba shi tukuici kan wannan ƙarin, iya yawan ƙarin iya girman tukuicin. Ɗauki misalin bashin dala 200,000 na shekara 30. A kashi 6 za ka riƙa biyan kusan dala 1,199 a wata, a kashi 7 kuma kusan 1,331. Bambancin dala 132 ne kawai, mutum zai ga kamar ba komai ba ne, amma in ka riƙe bashin har ƙarshe ka biya sama da dala 47,000 a banza, don kawai wani ya samu 'yan dubbai a rana ɗaya. Kuma a wancan lokacin doka ba ta hana ba. Wasu ma ci biyu suke yi, su karɓi kuɗin aiki a hannunka a fili sannan su karɓi na banki ta bayan gida.

Mu da muka taso muna ganin dillalai a kara mun san dillanci sana'a ce ta mutunci, ana tafa hannu a yi sallama a cire la'ada a gaban kowa, mai saye ya san nawa ce mai sayarwa ya sani. Da wannan tunanin mutanenmu suka shiga ofisoshin nan, suna zaton wanda ke zaune a gabansu yana nema musu sauƙi ne a tsakanin bankuna, alhali shi ladansa yana ƙaruwa ne da tsadar da ya ɗora musu. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, kuma a nan banki ne ya biya ladan.

Abin bai tsaya a ruwa ba. Yawancin takardun da suka bi ta hannuna irin bashin nan ne da ake ce wa 2/28, shekara biyu na farko ruwan na ƙasa-ƙasa, daga nan sai ya tashi ya riƙa canzawa duk bayan wata shida, mutum yana biyan abin da zai iya kwatsam sai wasiƙa ta zo an ƙara masa ɗaruruwan daloli a wata. In ka tambayi dillali tun farko sai ya ce kar ka damu Alhaji, kafin lokacin ya yi za mu sabunta maka bashin, ai gidaje tashi suke yi. Abin da ba ya faɗa shi ne an liƙa wa bashin tarar biya da wuri, wato in ka samu wani banki mai sauƙi kana so ka biya wannan ka fita sai an ci ka tara mai nauyi, kuma bankuna da yawa sai da wannan tarar a ciki suke yarda su ba dillali babban tukuici, saboda ita ce ke tabbatar musu ba za ka gudu ba. In ma an sabunta ɗin, sabon kuɗin aiki ne, sabuwar la'ada, duk a ɗora a kan uwar bashi. Na ga wata Hajiya da aka sabunta mata sau da yawa cikin 'yan shekaru, kowane karo a ba ta ɗan abin da za ta aika gida ko ta biya kuɗin makarantar yara, har ya zama bashin da ke kanta ya fi ƙarfin kuɗin gidan.

Sai kuma maganar albashi, wadda ita ta fi ci min rai. A lokacin akwai bashin da ba a neman shaidar abin da kake samu, abin da aka rubuta kawai shi ke nan. Direban tasi zai faɗi gaskiyar abin da yake samu, dillali ya ninka ya rubuta a fom, shi kuma ya sa hannu bai karanta ba, ranar da rigima ta tashi sa hannunsa ne a ƙasan ƙaryar ba na dillali ba.

Nakan ji mutane suna cewa ai su suka ja wa kansu, wa ya ce su sa hannu a abin da ba su gane ba. Ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin sa hannu ba zai faɗe ta da sauƙi ba. Takardu ne tuli guda, Turancin lauyoyi wanda ko haifaffen ƙasar bai cika ganewa ba, an riga an gaya wa mai gidan haya za a tashi, an ɗaure kaya, an kira gida an ce mun sayi gida a Amurka an sha addu'a, sai a ranar ka ga lambobi sun canza daga abin da aka gaya maka, kowa a ɗakin yana duba agogo yana nuna maka inda za ka sa hannu. Ga kunya irin tamu, mutum yana ganin in ya ce tsaya in karanta kamar ya ce wa ɗan uwansa ɓarawo ne. Masu wannan harka sun san da kunyar nan sarai, shi ya sa kamfanoni ke ɗaukar ɗan cikin al'umma, mai jin yaren, wanda ake gani a suna da biki da jana'iza. Wasu yaran ma na tabbata ba su fahimci girman ɓarnar ba, an dai koya musu yadda ake rufe ciniki ne.

Kuma ba zato ba ne cewa an fi ɗora wa baƙaƙe wannan kaya. A Disambar 2011 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta yi sulhu da Bank of America a kan dala miliyan 335 saboda abin da kamfanin Countrywide, wanda bankin ya saya, ya yi wa baƙaƙe da masu jin Sifaniyanci sama da 200,000, an caje su kuɗi da ruwa fiye da fararen da suke daidai da su a cancanta, wasu kuma an tura su bashi mai tsada alhali sun cancanci mai sauƙi. A 2012 bankin Wells Fargo ya yarda ya biya dala miliyan 175 kan irin wannan zargi. Tun kafin nan ma kamfanin ba da bashin gida na Ameriquest ya yarda ya biya dala miliyan 325 a 2006 bayan jihohi sun taso shi. Jihar North Carolina tun 1999 ta yi dokar hana irin wannan bashi na zalunci, ita ce ta farko, ke nan an san da cutar shekaru kafin babban bankin nan Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, kawai dai lokacin da take cin unguwannin talakawa ba wanda ya damu. Kuɗin sulhun nan in ka raba su kan mutanen da abin ya shafa ba su kai su dawo wa kowa da gidansa ba.

Yanzu dai an samu gyara, kuma ina so 'yan uwa su san haƙƙinsu don da wahalar wasu aka samo shi. Obama ya sa hannu a dokar Dodd-Frank a Yulin 2010, ita ta kafa hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB. Daga 2011 an hana a biya dillali gwargwadon tsadar ruwan da ya ɗora maka, an kuma hana shi karɓa daga gare ka da kuma banki a bashi ɗaya. Daga Janairun 2014 dole mai ba da bashi ya bincika da takardu ya tabbatar za ka iya biya, an kuma taƙaita tarar biya da wuri sosai. Daga Oktoban 2015 akwai takardu biyu da doka ta wajabta a ba ka. Ta farko Loan Estimate, wato takardar ƙiyasin bashi, shafi uku, cikin kwana uku na aiki bayan ka nemi bashin, a shafi na biyu sashen A za ka ga kuɗin da mai ba da bashi ke caja, a shafi na uku kuma akwai jimillar abin da za ka biya cikin shekara biyar. Duk bankuna fom iri ɗaya suke bayarwa, don haka ka karɓo daga wuri uku ka jera su a tebur ka gwada, karɓarta ba ta ɗaure ka da kowa ba. Ta biyu Closing Disclosure, wato takardar lissafin ƙarshe, shafi biyar, dole ta zo hannunka kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu, a ciki ake nuna abin da banki ya biya dillali. Kwana ukun nan naka ne, ka kai wa wanda ya iya ya duba maka. Kowane dillali kuma yana da lambar NMLS, wato lambarsa a rajistar masu harkar bashin gida ta ƙasa, ka shiga intanet ka duba ko yana da lasisi ko an taɓa hukunta shi. In kuma sabunta bashi kake yi da wani sabon banki a kan gidan da kake zaune ciki, kana da kwana uku bayan sa hannu da za ka iya fasawa. Akwai masu ba da shawara da ma'aikatar gidaje ta HUD ta amince da su a kowace jiha, na masu fuskantar ƙwace gida kyauta ne. Amma fa kar a saki jiki, ladan dillali har yanzu in banki ne ya biya to a cikin ruwanka yake, kuma ita kanta CFPB ɗin a Fabrairun 2025 an umarci ma'aikatanta su dakatar da aiki.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na Musulmi. Da yawa cikinmu ba sa son bashin banki saboda riba, kuma masu son cin dukiyar mutane sun gano haka. A 2022 kafar labarai ta ProPublica da jaridar Sahan Journal sun yi bincike a Minnesota kan yadda ake sayar wa Somaliyawa gidaje da wata irin yarjejeniya da ake tallata ta a matsayin marar ruwa. Mai sayarwa zai sayi gidan, ya ƙara masa kuɗi sosai ya sayar maka, ka ba da kafin alƙalami mai yawa, ka riƙa biya duk wata, amma takardar mallaka tana hannunsa, bayan 'yan shekaru sai a ce ka kawo ragowar gaba ɗaya a dunƙule, in ka kasa ko ka yi lattin biya a fitar da kai cikin ƙanƙanin lokaci kuma duk abin da ka zuba ya tafi. Sai da jihar ta gyara dokarta a 2024. Mutum ya gudu daga riba don tsoron Allah ya faɗa hannun wanda ya fi banki rashin imani.

Akwai kamfanonin da ke harkar gida bisa tsarin Musulunci a fili, masu lasisi, irin su Guidance Residential da ke yin tarayya kana sayen kasonsu a hankali, ko Devon Bank na Chicago da ke yin murabaha, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince tun farko, malamai suna da bayanansu a kai kuma kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma ko wajensu ka je ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da sunan wa za a yi rajistar gidan, me zai faru in ka rasa aiki wata uku, kuma wanda ya kawo ka nawa aka ba shi. Sannan ka ɗauki lauyanka na kanka wanda kai ka nemo kai za ka biya, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya ce ai ga namu zai yi maka da sauƙi ba.